Ranar da bene ya motsa da mu a Lyon

Ina tsaye a labo, ɗakin gwaje-gwajenmu, hawa na biyar, riƙe da kwalba, sai na ga ruwan cikinta yana rawa alhali hannuna bai motsa ba. Fitilun sama suka fara lilo.

Abokiyar aikina Haruka, 'yar Japan, ta ce, "Yureteru." Ko murya ba ta ɗaga ba. Ta je ta wangale ƙofa, ta dawo ta ja ni ƙarƙashin tebur.

Ni ɗiyar Damagaram ce. Na san guguwa, na san ambaliya, amma ban taɓa jin ƙasa ta motsa ba. Bakina sai salati.

Da abin ya lafa, na tambaye ta me ta ce ɗazu.

"Cewa na yi yana girgiza. Yureru muke cewa, ko ƙasa ce, ko jirgin ruwa, ko zuciyar da ta kasa tsayawa wuri guda."

"To me ya sa kika buɗe ƙofa, kuma ba mu fita ba?"

"In gini ya karkace, ƙofa ba ta buɗuwa. Kakata kwana biyu ta yi a kulle a bayan tata ƙofar."

Na kira yayana a Paris, ya ce su ba su ji komai ba, in daina tsorata kaina.

Yau sati guda ke nan, duk ɗakin da na shiga ƙofa nake fara dubawa. Wanda ƙasa ta taɓa motsawa a ƙarƙashinsa, don Allah ya gaya mini: yaushe mutum ke sake yarda da ita?