Mai Farautar Tsatsa

A tashar Maigatari, Gwadabe direba na satar kallon wani dattijo mai furfura da tsayuwar soja. Ana rububin kujera, shi kuwa dattijon ya durƙusa yana kankare gindin ƙofar motar Gwadabe da farce. Zuciyar Gwadabe ta ba shi ɗan kwastan ne ya ɓad da kama, ga shinkafar fasa-ƙwauri ɓoye ƙarƙashin buhunan kanwa.

"Baba, me ake nema?"

"Tsatsa," in ji dattijon. "Jiragen yaƙi na yi wa aiki. Can, in fenti ya kumbura haka, jirgi ba ya tashi. Kanwar nan na cin ƙarfenka."

Gwadabe bai yarda ba. Amma dattijon ko buhunan bai kalla ba. Jakarsa ya sauke, ya koma jiran wata motar.