Ranar da Aka Zo Wanke Kwamfuta

"Madam, wanke ta zan yi," in ji mai gyaran, wani Ibo daga Sabon Tasha. Har na miƙe zan ɗauko masa tsumma.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina buga takardu a ofishin wata masaƙa a Kakuri. Manaja ya ce za a sauya wa kwamfutar tsarin da take aiki da shi, wai na da ya tsufa. Allah Ya sa bakina bai iya shiru ba, na tambayi mai gyaran da me ake wanke ta. Ya yi dariya, ya ce ba ruwa ba sabulu, abin da ke cikinta ne kaf zai tafi.

Innalillahi! Cikinta akwai Baba. Tarihin zamansa a aikin jirgin ƙasa ne, tun barinsa Katsina, yana faɗa mini a gida ina rubutawa, ina bugawa a ofis lokacin hutun rana. Takardun hannun tuni ƙannena suka ƙulle gyaɗa da su. Shi kuma shanyewar ɓarin jiki ta riga ta ɗauke masa magana.

Na zare wayar wutar, na naɗe, na cusa a jaka, na zauna a kai.

Manaja ya fito yana kumfar baki, wai kayan kamfani ne, an riga an kwashe takardun kamfani daga cikinta, saura shirme.

"Ranka ya daɗe, ubana ne shirmen? Wallahi ba mai wanke ta sai an fitar mini da shi. In kora ce, a kore ni ina zaune."

Ban tashi ba. Mai gyaran ya dube ni, ya ce shi ma ubansa na ƙauye. Ya yi alkawarin fitar mini da shi, na ba da waya, ya kwafe rubutun a faifai, ya wanke, ya zuba sabon tsarin, ya mayar da rubutun.

Sai dai sabon bai san Hausa ba. Duk harafi mai ƙugiya, da na sha wuya kafin tsohon ya karɓa, ya zube. Ƙasa ta koma asa, ɓera ya koma era. Na ji haushi ƙwarai. Na buga a takarda haka nan, na kai gida Makera, ina karanta wa Baba ina cike gurbin da biro.

A shafin ƙarshe, inda ya ce "wadda ta rubuta wannan ɗiyata ce", sai na ga "iyata ce". Na karanta masa kamar yadda yake, ina tsaki, na kai biro zan gyara.

Ya miƙo hannun nan ɗaya da ya rage masa, ya riƙe nawa gam. Ya girgiza kai.