Maman Wisdom, Mai Fara Koyarwa Daga Ƙafa

Gaggawa ce ke cinye yaranmu a garin nan. Mutum ya bar aiki ran Litinin, yana so kafin Juma'a a kira shi oga a wata sana'ar. Shi ya sa zan faɗi alherin wata mata da ba ta yarda da wannan hali ba, Margaret, wadda mu mutanen Maitumbi muke kira Maman Wisdom.

Kafin masu keke su fara ɗibar ma'aikata ta riga ta buɗe shagonta na gyaran jiki da kwalliya. Tukunyar ruwa ce ke fara hawa wuta. A ciki take dafa tawul da almakashi da abin yankan farce, ta shanya, sannan ta leƙo ta gaida maƙwabta. Haka na san ta tun gashinta na baƙi. Ita ma canjin sana'a ta yi. Da tafireta take bugawa a ofis, kwamfuta ta zo aka sallame su, ta koma ɗaliba da 'ya'yanta a gabanta.

Bara waccan, makarantar kuɗin da 'yata Farida ke koyarwa ta rufe. Mijinta ya rasu, ga yara uku, ga ni na tsufa. Ita da ƙawarta Nabila suka ga talla a waya: kwas na sati biyu, a ba ka satifiket da akwatin kayan kwalliya. Na ce a'a, mu fara jin ta bakin wadda ta daɗe a ciki. Da kaina na kai su.

"Baba, ga kujera," ta ce da ni, ta juya wurin Farida. "Malama, me hannunki ke so? Gashi, lalle, ko gyaran fata?"

"Duka, Mama."

"Duka? To kasuwar Kure kika zo, ba shago ba."

Lokacin Hajjo mai tallan nono na zaune, ƙafarta duk faso. Maman Wisdom ta turo robar ruwan ɗumi, ta ce su wanke mata.

Nabila ta yatsine fuska. "Mama, ni kwalliyar amare na zo koya, ba kankare kaushi ba."

"Amaryar ma da ƙafa take zuwa, 'yata."

Farida ce ta durƙusa. Maman Wisdom ta tsaya tana kallon yadda ta riƙe ƙafar, sannan ta ce hannun nan na fata ne, ba na kitso ba. Ba ta riƙe ta a shago don ta samu mai yi mata shara ba. Ta tura ta Bosso wurin wata tsohuwa ta koyi dilka da halawa da lalle, daga can ta ce ta shiga makarantar koyon sana'a, ta san irin fata da sinadaran da ke ƙona ta, ta fito da takarda. Bayan nan ta dawo shago. Ƙa'idar Maman Wisdom ɗaya ce: ba abin da zai taɓa jikin mutum sai an ɗiga masa kaɗan a bayan kunne ya kwana.

Nabila kuwa ta yi kwas ɗinta ta buɗe shago, Farida na can tana kwaɓa dilka. Kuka ba irin wanda Farida ba ta yi ba. Ni ma na je na ce, "Maman Wisdom, abin nan bai yi tsawo ba? Yara na jira." Ta ce, "Baba, in ka cire ta yanzu, a jikin 'yar wani za ta ƙarasa koyo."

Aka zo bikin 'yar kawun Nabila. Don zanen ya yi baƙi da wuri, Nabila ta haɗa lalle da dayis, baƙin rinin gashi, ta zana wa amarya har gwiwar hannu ba gwaji. Gari bai waye ba hannuwan suka kumbura suna ruwa. Aka kawo ta wurin Maman Wisdom a guje, ana ta shafa mata wani abu. Maman Wisdom ta ce wannan ya wuce shago, ta tare keke, ta raka ta asibiti da kanta. Da ta dawo ta aika wa Nabila cewa bencin ɗalibai na nan, ta zo su fara daga farko. Nabila ta ce ta wuce nan.

Ke ce, Margaret, kika san inda aikinki ya tsaya. Ke ce kika tura ɗalibanki wurin wasu, ba ki ji tsoron su fi ki ba. Yanzu ciwon yatsu ya sa za ki koma Zungeru wurin ɗanki, kin bar shagon a hannun Farida, jikokina na cin abinci suna zuwa makaranta. Mun gode, Allah ya ba ki lafiya ya saka miki.

Masu koyar da sana'a, ku yi koyi da ita. Masu son canza sana'a, ku tambayi wanda ya daɗe kafin ku zaɓi hanya. Wanda ke ganin tsufa ne ke sa ni surutu, ya bi ta layin su Nabila. Shagon nata, mai cajin waya ne a ciki yanzu. Amaren unguwa sun daina kiranta. Kawunta ba ya amsa gaisuwarta, 'yarsa kuwa har yau da tabon zanen a hannu take yawo.