Rubutu goma sha ɗaya da ban tura ba

Salamu alaikum. Wata bakwai ba ku ji ni ba. Ni kuwa a zatona ku ne kuka yi shiru.

Ga wanda bai san ni ba, tela ne ni, ɗan Haɗeja, shekara ashirin da uku ina unguwar Zogbeli a Tamale, ƙasar Ghana. Duk Juma'a nakan rubuta wani abu na gida a shafin nan: kogi in ya kawo, ƙamshin bandar kifi, kwalekwalen da muke kwancewa muna yara. Da shi nake zuwa gida ba kuɗin mota.

Da zare abin ya fara. Na kasa zura shi, na zagi allura.

Sai fuskoki suka koma hayaƙi.

A asibiti aka ɗebi jini, aka haska idon. Suga ne, ya jawo min yanar ido, duka biyun, kuma ba za a yi min aiki ba sai sugan ya sauka. Nas ɗin ta ce, "Baaba, wannan shayin naka, bar shi. Ko shayi ko ido."

Na sayar da keken ɗinki ɗaya. Na ji tsoro ƙwarai. Tela makaho me zai ci?

Matata Amina ta kunna min muryar waya mai karanta wa makafi. Hausa kam kashe ta take yi, amma na jure. Harafi harafi nake lalube, rubutu ɗaya wuni guda.

A ƙasan shafin maballi biyu ne, ba a sa musu suna ba. Duk wanda na taɓa sai muryar ta ce "botin", wato maballi kawai. Na riƙa danna na dama, don nan na saba turawa. Girman kai ya hana ni tambayar Amina.

Juma'a goma sha ɗaya, ko mutum ɗaya bai tanka ba. Har Iro, abokina na kwalekwale, wanda kullum shi ke fara tsokanata. Na yi fushi, na daina rubutun. Ya yi ta kira, na ƙi ɗauka.

Da aka yi aiki idon hagu ya buɗe, na duba. Ashe sun sauya wa maballan wuri. Duk rubutun na kwance a ma'ajiya.

Na kira Iro. Ya ce, "Kai tsohon banza, har na fara tambayar wa zai gaji almakashinka!"

Ban ce masu manhajar mugaye ba ne. Ba su dai taɓa rufe ido sun gwada abinsu ba. Ku sa wa maballi suna, don Allah.

Na gode wa Allah, da likitocin, da Amina da ta sha faɗana.

Ku auna suga kafin ido ya gaya muku. In mai yawan rubutu ya yi shiru, ku neme shi, ko da zai ƙi ɗauka.

Na tura su duka yau, da idona. Iro, na bakwai ɗin zaginka ne. Ban goge ba. Karanta ka rama.