Jirginmu ya yi ta kewaya Tiga

Jama'a, yau saura ƙiris ku ji labarinmu a rediyo!

Daga Legas muka taso ni da Kawu Sale, bayan na raka shi aikin ido. Mun kusa Kano sai matuƙi ya yi magana. Wai man da ke turo tayoyin jirgi ya zube, sun ƙi fitowa. Zai yi ta kewayawa har a sako su ta wata hanya.

Innalillahi! Jirgi ya kaure da salati. Wata hajiya a bayana ta riƙo kafaɗata, ba ta ma san ni ba, tana cewa, "Ɗan nan, mu yafi juna!"

Kawu fa? Ya manna goshi a taga, ko motsi.

Na ce, "Kawu, ku yi addu'a mana!"

Ya ce, "Yi shiru. Ba dam ɗin Tiga ba ne wancan? Ka ga wancan dutsen? Garinmu na ƙarƙashin ruwan nan, kusa da shi. Nan aka binne iyayena. In faɗuwar ce, ai gida muka zo."

Can sai muka ji gif! Tayoyi sun fito! Muka dira lafiya, motocin kashe gobara na bin mu. Kabbara ko'ina, hajiya sai kuka.

Muna saukowa Kawu ya ja hannuna.

"Je ka yi mini godiya wurin direban nan. Tun da ruwa ya ci garinmu, ba wanda ya kai ni ziyara sai shi."