Gudan jinin da ya fitar da ni daga fili

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba. Na ga saƙonninku, ban iya amsawa ba ne. Yau zan faɗa muku abin da ya same ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sanusi, ɗan Talata Mafara. Ƙwallon kwando ce sana'ata. Tsawona ya ɗara mita biyu, don haka aikina a fili shi ne tsayuwa ƙarƙashin kwando, in tare, in ƙwato ƙwallo. Ban fara wasa ba sai da na kai shekara sha shida. Ranar da manyan ƙungiyoyin Amurka suka zaɓi sababbin 'yan wasa, ba a kira sunana ba. Wata ƙaramar ƙungiya a Turai ce ta ɗauke ni. Kocinmu yakan ce, "Ba ka iya ba tukuna, amma ka ba ni shekara biyu, waɗanda suka ƙi ka za su neme ka."

Na yi shekara ɗaya. Na fara iya jifa daga nesa, na daina tsoron masu ƙarfi. Sai aka ba mu hutu na taho gida.

Sa'o'i na yi a jirgi ƙafafuna a naɗe, sannan mota daga Abuja har Mafara. Kwana biyu da isowata sha-raɓata ta hagu ta kumbura, tana zafi. Na ce tsoka ce. Inna ta kira mai ɗori ya murza min da man shanu.

A rana ta biyar da fara kumburin, ina dawowa daga sallar La'asar, numfashina ya tsaya. Kamar an soka min wuƙa a haƙarƙari. Na yi tari, na ga jini a tafin hannuna.

Baba yana karantar da ɗalibai a zaure. Ya rufe littafi ya ce, "Sanusi, mi ya same ka?" Na nuna masa tafin hannuna.

A asibitin garinmu likita ya dubi ƙafar, ya saurari ƙirjina, ya ce a wuce da ni Sakkwato yanzu, kada a jira gobe. Yaya Bello ya cire kujerar gaba ta motarsa don in samu miƙe ƙafa.

A can aka yi hoton ƙafa, aka yi na ƙirji, aka ɗebi jini har na daina ƙirgawa. Likitar da ta karɓe ni ta ce, "Jini ne ya daskare a jijiyar ƙafarka, wani gutsure ya ɓalle ya tafi huhu. Murzar da aka yi maka tana iya zama ita ta tura shi." Inna tana tsaye ta ji. Har yau ba ta daina cewa ita ta jawo min ba, duk da na sha gaya mata ba ta sani ba.

Gadon asibitin ya yi min kaɗan, sai da aka kara benci a ƙarshensa. Allura a fatar ciki safe da yamma. Robar iska a hanci. Mutumin da ke gadon kusa da ni, manomi daga Bakura, mun yi hira ranar Talata, ranar Laraba aka fita da gawarsa. Daga nan tsoro ya shige ni sosai.

Don a biya hotuna da magani, Baba ya sayar da shinkafar ranin da ya tanadar wa gida. Bai gaya min ba, a bakin Yaya Bello na ji.

Kwana goma sha biyu na yi. Ranar sallama na tambayi likita yaushe zan koma fili. Ta ce, "Maganin da za ka sha yana tsinka jini. In aka buge ka da gwiwar hannu, jini zai iya ɓalle maka a ciki. Wata shida, babu wasa."

Ƙungiyata ta jira wata ɗaya, sannan ta ɗauki wani a gurbina. Koci ya kira ni da kansa. Ya ce, "Ka yi haƙuri, ba ni ke da ƙungiyar ba." Ban ga laifinsa ba, amma na yi kwana uku ban fita daga ɗaki ba.

Na rame. Tafiya zuwa masallaci sai na huta a hanya. Masu zuwa dubiya suna cewa in bar ƙwallo in kama gona. Wata rana na tambayi Baba ko shi ma haka yake gani. Ya ce, "Ni dai ɗana nika so da rai. Sauran kuma, in ka warke, kai ka sani."

Makon jiya aka sake hoto. Gudan jinin ya narke, an tsayar da magani. Likita ta ce zan iya komawa a hankali, amma ciwon yana iya dawowa.

Jiya na je filin wata makaranta na yi jifa. Minti goma na yi, na zauna a ƙasa ina haki. Ba ni da ƙungiya, kuma ban san ko wata za ta ɗauki mai irin tarihina ba. Shekarata ashirin da uku.

Na gode wa Allah da ya bar ni da numfashi. Na gode wa iyayena, da Yaya Bello, da likitoci da nas-nas, da ku da kuka yi ta addu'a.

Shawarata: in za ku yi doguwar tafiya, ku riƙa miƙe ƙafa, ku sha ruwa. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi ba tare da kun bugu ba, kada a murza, ku je asibiti a ranar. In numfashi ya fara yankewa, kada ku jira kowa. Ni na jira kwana biyar saboda ina ganin ni mai ƙarfi ne.

Gobe da safe zan koma filin, in gwada minti goma sha biyar. Ku sa ni a addu'a.