Yadda Haliru Ya Raba Injin Niƙa Da Sarƙa

Haliru ɗan Kekun Waje ne, amma a Damba ya yi furfura, a ƙarƙashin rumfar garejinsa. Bakanike ne mai son raha, kuma ba ya ganin ƙarfe a yashe ya wuce. Matarsa Hajara takan ce rabin tsakar gidanta na tsofaffin injuna ne, ita da kaji ke raba sauran.

Yana da amini a Wanke, Bashiru mai niƙa, wanda injin wata tsohuwar mota ke juya masa injin niƙa. Sarƙar taimin, wadda ke daidaita bugun injin motar, ita ce ta addabi Bashiru. Yau ta saki, a gyara, jibi ta sake saki, mata na zaune da kwanonin dawa suna jira.

Ran nan Haliru ya ce, "Mu cire sarƙar nan mu sa giya, ƙarfen nan mai haƙora. Haƙori ya kama haƙori, ka huta."

"Ka taɓa yi?"

"A'a. A kanka zan koya."

Ya tono giya uku a tarkacensa, aka gyara masa su a Gusau. Ƙaramar a ƙasa, babbar mai ninkin haƙoranta a kan sandar da ke buɗe bawul, wato ƙofofin iskar injin, ta ukun a tsakiya, don in babu ita sandar za ta juya ne da baya. Ya zura 'yar takarda tsakanin haƙoran, ya juya da hannu. Ta fito a tattaune amma ba ta yage ba, tazara ta yi ke nan.

Aka tayar. Injin ya yi tari, ya saki ƙara kamar taya ta fashe. Awaki suka watse, Bashiru ya tsinci kansa bayan buhunan masara, babu hula.

Haliru ya yi dariya har da hawaye, sannan ya kwance ya duba. Ashe wajen haɗa giyoyin ne ya goce da haƙori ɗaya. Ya kawo fistin na farko sama, ya daidaita alamomin giyoyin, ya ɗiga musu farin fenti, ya ɗaure.

Wannan karon injin ya tashi lafiya lau, sai dai da wani siririn kuka. Bashiru ya ɓata fuska, amma matan suka ce a bar shi haka, daga gida ma za su riƙa jin an fara niƙa.

Wata dattijuwa, Inna Luba, aka fara niƙa wa. Bayan la'asar ta aiko musu da tuwon dawa miyar kuka. Haliru ya ci ya ƙoshi, ya hau babur ya nufi Damba, yana tunanin wane injin kuma zai raba da sarƙa.